Mai Gyaran Ƙofa

A aji ta fara ganinsa, durƙushe yana ɗaure ƙafar teburin da ɗalibanta suka karya. Ya ɗago kai ya ce, "Malama, yaran nan karatu suke yi ko kokawa?" Dariya ta ƙwace mata.

Daga nan ya san hanyar gidansu. Sai dai kafinta ne har cikin jini, ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Ranar da ya zo gaishe da Umma, bai tafi ba sai da ya gyara ƙofar falo da tagar kicin.

Umma ta daɗe tana kallon ƙofar, sannan ta ce wa 'yarta, "Ban amince da shi ba."

Malama ba ta nemi dalili ba, domin ta san shi. Tana ƙarama mahaifinta ya wuni yana gyara duk abin da ya lalace a gidan. Washegari ya fita, har yau bai dawo ba.

Ta daina ɗaukar wayar kafintan. Tana sonsa, tana kuma jiran ranar da zai ɓace. Ko a sujada rasa abin roƙo take yi: a ba ta shi, ko a raba ta da shi?

Saƙonsa ya shigo: "Malamata, in ƙofar ce ba ta yi ba, zan mayar da ita yadda take. Ki dai faɗa mini laifina."

Ta rubuta, ta goge, daga ƙarshe ta ba shi labarin mahaifinta.

Da hantsi sai ga shi, hannu babu komai. Ya zauna a ƙasa gaban Umma.

"Yau kuma me ka zo gyarawa?" in ji Umma.

"Babu komai, Umma. Zama na zo yi."

Ya zauna har la'asar, sallah kaɗai ke tashinsa. A gabansa akwai kantar littattafai da ta karkace. Ya kalle ta, ya kawar da kai, ya danne hannuwansa ƙarƙashin cinya, gumi na tsattsafo masa. Malama na leƙensa ta bayan labule, ta rasa kuka za ta yi ko dariya.

Umma ce ta fara karaya. "Tashi ka gyara ta, ɗan nan, kada ka sume mini a falo."

Ranar aurensu Umma ta riƙe hannuwansu biyu, sannan ta ce, "Allah ya zaunar da ku."