Motar Da Ke Fita Ran Asabar

Da hantsin Asabar Madam Rhoda, wata nas da ke zaune a Mahuta, ta shigo caji ofis tana huci.

"Yallaɓai, an sace min mota a hannun waɗanda suka sayar min da ita."

Sufeto Nuhu ya ba ta kujera. Ta ce makonni ke nan da ta mayar da motar tata kamfanin da ya sayar mata don a gyara na'urar sanyi, kullum sai a ce kayan ba su iso daga Legas ba. Yau ta biya ba sanarwa, ta tarar da wurin wayam.

Kofur ɗin da ke kan kanta ya yi hamma. "Haka suke yi, Madam, sai haƙuri."

Ba maganar da Sufeto ya tsana kamar wannan. Da ita aka mayar da masu motar kansu 'yan tsayuwa a bakin titi suna tsayar da keke. Ya ɗauki hularsa, suka nufi kamfanin tare da ita.

Manajan kamfanin, Alhaji Lawal, ya tarbe su da lemo.

"Ai mun kama ɓarawon, Yallaɓai. Monday ne, makanikinmu. Na kore shi daga aiki, yana kulle a ɗakin maigadi. Ku tafi da shi kawai."

"Ba sauri muke ba, Alhaji."

Sufeto ya zaga cikin motocin da ke jiran gyara. Baƙaƙe da jajaye sun yi butu-butu da ƙura, farare kuwa sai ƙyalli suke. Ya duƙa gaban wata farar jif, ya shafa lambarta. Danƙon salatef ya kama masa yatsa.

"Madam, wane launi ce taki?"

"Fara ce tas."

A ɗakin maigadi Monday na zaune, ido ya yi ja.

"Ina motar?"

"Ban sani ba, Oga. Ni dai tun ranar da ta shigo na gyara ta. Waya ce kawai ta tsinke."

"To, kayan Legas fa?"

"Wane Legas?"

Madam Rhoda ta dafe ƙirji. Manaja ya ce yaron maƙaryaci ne, kuma motar kwastoma ba ta taɓa fita daga ƙofar nan sai da mai ita.

Sufeto ya buɗe jif ɗin nan. Ƙamshin humra ya buge shi. Ya zura hannu ƙarƙashin kujerar baya, ya zaro guntun ribon ruwan hoda.

"Alhaji, da wannan kuke ɗaure injin?"

Kafin ya amsa, wayarsa ta yi ƙara. Ya yi wuf zai kashe.

"Ɗauka, ka buɗe murya kowa ya ji."

Wata mata ce, bayanta kiɗa na tashi. "Alhaji Lawal, mun iso Gonin Gora lafiya. Amarya ta ce a gode maka, wai sanyin motar nan kamar Jos. Asabar mai zuwa ma farar muke so."

Manaja ya zauna a kan wata tsohuwar taya.

"Yallaɓai, haya kawai nake ba su. Da yamma ake dawo da su, a wanke. Ba wanda ya taɓa zuwa ran Asabar."

"Shi ya sa ka zaɓi Monday ya kwana a sel a madadinka?"

Sufeto ya sa aka buɗe wa Monday, ya ce a kira mai kamfanin ya zo ya ji da kunnensa.

A Gonin Gora suka tarar da motar ta sha ado, an rufe lambarta da kati mai sunan ango da amarya. Madam Rhoda ta leƙa, ta ga amarya tana ƙoƙarin fitowa.

"Zauna, 'yata, ba laifinki ba ne." Ta karɓe makulli daga hannun direba. "Ni zan kai ki da kaina."

Aka sa wa Alhaji Lawal ankwa, aka hau da shi bayan motar 'yan sanda, rana na dukansa.

"Yallaɓai, ba za a sa ni a ciki ba? Zafi."

"Na'urarmu ma ta lalace, Alhaji," in ji Sufeto. "Muna jiran kaya daga Legas."