Ƙunar da Ke Jikin Rigar Kaka

Da hantsi Alhaji Nata'ala ya buɗe adaka don ya nuna wa baƙi rigar kakansa, sai ya ja da baya. Rigar saƙi ce a ciki, da aikin aska takwas, amma ba ita ba ce. Ta gaskiyar tana da ƙunar garwashin turare a gefen aljihu. Wannan kuwa ko tabo babu.

Kafin azahar Sufeta Sa'ida Jibrin ta iso gidan ɗinkin da ke unguwar Soron Ɗinki. Ta tarar ma'aikata sun yi cirko-cirko, an zaunar da wani dattijo a zaure kamar an riga an yanke masa hukunci.

"Su wa ke riƙe da makulli?" ta tambaya.

"Ɗalha, babban maɗinkina, ga shi can zaune," in ji Alhaji. "Sai Maharazu, ɗan ƙanwata. Shi ke tsara mana wasiƙar labarai da muke aika wa masu saye ta imel. Amma shi ba ya ciki."

"Me ya fitar da shi?"

Alhaji ya miƙa mata waya. Wasiƙar makon jiya ce, hoton rigar ya cika samanta, ƙunar tana nan ɓaro-ɓaro.

"Kin gani? Ranar da aka ɗau hoton nan rigar tana nan. A ranar Maharazu ya tafi Kaduna, jiya ya dawo."

Sa'ida ta durƙusa gaban Ɗalha.

"Baba, kana iya ɗinka irinta?"

"Ina iyawa. Amma da ni na ɗinka, da Alhaji bai gane da kallo ɗaya ba."

"Ranar ɗaukar hoto kana ina?"

"Jana'iza na je Jakara. Ban ga fitar da ita ba, ban ga mayarwa ba."

Ta juya rigar bogin ta duba cikinta. Aikin keke ne, kuma a gidan kaf da hannu ake ɗinki. Wannan bai wanke dattijon ba, amma ya sa ta dakata.

Aka kira Safiya mai ɗaukar hoto daga unguwar Sheshe. Da ta zo, Sa'ida ta shiga yi mata tambayoyi.

"An bar ki ke kaɗai da rigar?"

"Ko taɓa ta ban yi ba. Maharazu ne ya shimfiɗa, shi ya naɗe."

"Kin ga ƙuna a jikinta?"

"Wallahi ban tuna ba. Haske nake lura da shi. A jikin tagar hagu muka ɗauka."

"Ina hotunan asali?"

"Maharazu ya karɓi memorin kyamarar, ya dawo mini da shi a goge."

Sa'ida ta koma soro ta zauna da wayar Alhaji, tana bin tsofaffin wasiƙun ɗaya bayan ɗaya. Maharazu ya iya aikinsa. Kowane hoto fes yake: ya share tsagar bango, ya kawar da zaren da ya zazzago, har tamojin goshin kawunsa ya goge. A wasiƙar bara ma akwai rigar, a rataye a tsakar gida, kuma a can ya rage duhun ƙunar. Ta dawo kan ta makon jiya, ta buɗa hoton da yatsu biyu har saƙar ta fito. Ta daɗe tana kallo, sannan ta aika a kira shi.

Maharazu ya shigo da kwamfutarsa a hammata, ya gaishe ta a natse.

"Kana gyara hotuna kafin ka aika?"

"Dole ne, ranki ya daɗe. Mai buɗe imel ba ya karatu, hoto yake kallo. In bai yi kyau ba ya wuce."

"To me ya sa wannan karon ka bar ƙunar?"

"Tarihi ce. Ita ce shaidar rigar."

"Bara ba tarihi ba ce?"

Ta ajiye wayar a gabansa, Alhaji ya matso.

"Haske daga hagu ya shigo, don haka inuwar kowane ninki ta kwanta dama. Dubi bakin ƙunar. Tata inuwar ƙasa ta yi, irin ta ranar tsaka a tsakar gida. Daga asalin hoton bara ka yanko ta, ka manna a kan rigar bogi."

"Kawu, wannan zato ne kawai."

"Buɗe kwamfutar mu ga hoton kafin gyara."

Maharazu ya ƙi buɗewa.

"Ka musanya rigar tun kafin Safiya ta zo," Sa'ida ta ci gaba. "Ka san Baba Ɗalha ba ya nan, ita kuma ba ta san rigar ba. Ka aika wa duniya hoton da zai ce rigar tana nan har ka bar gari, don in abin ya tashi ya faɗa kan mai ɗaya makullin. Tana ina?"

Ya sunkuyar da kai. "Wurin wani dillali a kasuwar Kurmi. Jibi za a fita da ita waje."

Kafin la'asar 'yan sanda suka dawo da rigar, suka wuce da Maharazu da dillalin. Alhaji ya je zaure ya tsuguna gaban Ɗalha ya roƙi gafara, dattijon ya ce ya yafe, bai ɗaga ido ba.

Sa'ida na shirin fita Alhaji ya tsayar da ita.

"Kada uwar Maharazu ta ji a bakin 'yan unguwa," ya ce. "Ki ba ni lokaci kaɗan."

Ya zura takalmansa, ya bi lungun gidan ƙanwarsa shi kaɗai.