Lasifikoki a Ɗakin Baba

Sai da mutumin nan ya haura hamsin, kunnensa na hagu ya shiga yajin aiki, sannan ya sayo tsofaffin lasifikoki biyu masu bakin ƙaho, kowanne ya kai firji girma. Ya bi ɗakunan gidan yana tafi yana kasa kunne, ya gano babu inda sauti ke zama daram kamar ɗakin mahaifinsa, wanda ciwon ƙafa ya kwantar shekara uku. Aka kwashe tsohon zuwa ɗakin ajiya, kusa da buhunan gawayi.

"Maigida, ka ji tsoron Allah," in ji matarsa.

"Baba barci kawai yake yi. Ina ruwan barci da faɗin ɗaki?"

Daren da zai jera su, yana durƙushe yana awo, ya ji an ce, "Matsar da na dama taki ɗaya, ɗana. Bangon nan yana da danshi, ni na sani."

Baba ne tsaye a bakin ƙofa, ko sanda babu. Shi kuwa gogan har ya matsar, don shawarar ta yi ma'ana. Sannan ya lura leɓen tsohon na motsi a ƙofa, amma muryar daga cikin ƙahon take fitowa, tas, har da kakarin numfashi. Wayar lasifikar kuma tana hannun gogan, bai jona ba.

Daga ɗakin ajiya, inda tsohon yake kwance, matarsa ta ƙwalla salati irin na an yi rashi.

"Zauna a tsakiya," in ji ƙahon. "Yau za ka saurare ni."