Ƙwayar Zinare a Allon Wuta

Da hantsin ranar Alhamis Alhaji Yakubu ya faɗo shagon Maharazu mai gyaran talabijin ba ko sallama. Biye da shi akwai wani dattijo mai jar ƙasa a gemu, ana ce masa Tsoho, shugaban wasu masu haƙar zinare na Bagega. Alhaji ya nufi talabijin filasmar gidansa da ke kife a kan tebur, ya ɗaga murfin bayanta ya yar, ya cusa hannu cikin lungun da ke gefen lasifika. Ya laluba, ya sake lalubawa. Abin da ya zaro guntun baƙin salatif ne, ba komai manne da shi.

"Innalillahi! Tsoho, babu shi. An ɗauke."

"An ɗauke mi, Alhaji?" in ji Maharazu, sukudireba na hannunsa.

Tsoho ya sulale ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Kafin Maharazu ya gane abin da ake ciki, bakin shagon ya cika da mutane, kuma kalmar ɓarawo ta riga ta kai tashar motar Anka. Da ƙyar 'yan sanda biyu suka fitar da shi, rigarsa a yage, takalmi ƙafa ɗaya.

A caji ofis ya ji labarin. Zinaren mutum goma sha huɗu ne, aikin wata biyar a cikin rami. Alhaji ne ke kai musu shi Gusau ya sayar. Da yake masu shiga gidaje da bindiga sun san ƙarƙashin gado, sun san tono daɓe, sai Alhaji ya ƙulle shi a leda ya manne a cikin talabijin, Tsoho na kallo. Ranar Talata Alhaji ya tafi Gummi ta'aziyya. Da la'asar talabijin ta mutu. Ranar Laraba matarsa Zinatu ta kawo ta gyara.

Sufeto Umar Faruk mutum ne mai magana a hankali, baƙo daga Kano, bai cika shekara a garin ba.

"Ka buɗe ta?"

"Na buɗe, ranka ya daɗe. Aikina ke nan."

"Ka ga leda?"

"Ban gani ba."

"Wa ke shagon lokacin?"

"Ni kaɗai."

Sufeto ya rubuta, ya rufe littafi. "To ka ga inda muke. Kai ka buɗe, kai kaɗai, kuma kaya babu."

Aka sa shi bayan kanta. Ɗakin taku huɗu ne, kwanon rufi ya ɗauki rana, tagar kuma ba ta fi tafin hannu biyu ba. Ta nan yake hango masu haƙa zaune a gindin darbejiya, wasu da diga a gefe. Ba hayaniya suke ba, jira kawai suke. Maharazu ya san ko yanzu aka buɗe masa ƙofa ba zai kai bakin titi ba. Matarsa Kulu ta zo da fura, aka hana ta matsowa, ya ji muryarta tana roƙon kofur har ta yi shiru. Shekara goma sha tara yana buɗe cikin kayan mutane, ko dunƙulen waya bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Yau ga shi zaune a siminti kusa da bokiti.

Da ya rasa abin yi, sai ya koma cikin talabijin ɗin a zuciyarsa, ya bi aikin jiya daki-daki.

Zinatu ta ce ta kunna, ta ji fat, ƙauri ya tashi, gilashi ya yi baƙi. Ya kwance ƙusoshi. Ya fara da kwandansa, wato ɗan gwangwanin da ke riƙe wuta ko bayan an zare waya, ya sauke wutarta da ƙwan fitila kamar yadda ya saba. Ya gwada fitilun baya, jerin ƙananan fitilun da ke haska gilashi daga ciki, ya tarar layi biyu sun ƙone. Ya duba allon wuta, wanda ke karɓar lantarki ya raba wa sauran sassa, ya ga baƙin tabo kusa da inda wayar fitilun ke fita. Ya ɗauka tsalle-tsallen janareta ne, ciwon rabin talabijin ɗin garin. Ya kira Gusau a aiko masa da sabon allo da fitilu, ya ɗora murfi ya bar ta.

Amma in janareta ne, fis, ɗan abin da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa, shi ke fara tafiya, da ɓangaren da wuta ke shigowa. Wannan tabo a can gaba yake. Kuma a tsakiyarsa akwai wani ɗan abu mai ƙyalli da ya ɗauka ɗigon dalma ne. Dalma fara ce. Wancan abin ba fari ba ne.

Ya miƙe ya kama ƙarfen ƙofa.

"Kofur! Don Allah kira min Sufeto."

Sufeto ya zo yana goge gumi. Ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba.

"In ƙarya kake, ka ƙara wa kanka."

"Ranka ya daɗe, mi ya rage a ƙara min? A kawo ta nan, da akwatin kayan aikina. A kira duk wanda ya taɓa ta."

Bayan azahar aka kife talabijin a kan kantar ofishin. Sufeto bai yarda a fito da Maharazu gaba ɗaya ba, aka bar shi daga ciki, kofur a bayansa. Alhaji na kan benci yana jan carbi, Tsoho a tsaye, Zinatu a rakuɓe jikin bango cikin hijabi.

Maharazu ya haska tocila, ya ɗora madubin ƙara girma a kan tabon, ya sa hantsaki ya ɓamɓaro abin. Bai kai ƙwayar dawa ba. Ya ajiye a farar takarda.

"Baba Tsoho, kai ka san shi. Mine ne wanga?"

Tsoho ya ɗauka ya murza, ya kai kusa da ido. "Namu ne. Na ramin gabas."

"Ka ga shaida!" Alhaji ya zabura. "A hannunshi ya zube!"

"Zauna, Alhaji," in ji Sufeto. "Ci gaba, Maharazu."

"Zinare na ɗaukar wuta, ranka ya daɗe, ya fi waya. Lokacin da aka fizge ledar, ƙwayar nan ta faɗo ta maƙale tsakanin ƙafafun ƙarfe biyu na allon da bai kamata su haɗu ba. Da aka kunna, wuta ta bi ta kanta, ta ƙone allo, ta haura ta kashe fitilu. Duba yadda ta narke ta kama. Sai da wuta hakan ke faruwa. Ni kuwa matacciya aka kawo min ita. Satar ce ta kashe talabijin ɗin. An ɗauke zinaren tun tana gida, kafin la'asar ɗin Talata."

Sufeto ya daɗe yana duban tabon. Sannan ya juya ga Tsoho.

"Kai ka san inda aka ɓoye shi. Ina kake ranar Talata?"

"Bagega. Tun Lahadi ban hito ba. Hanya ba ta biyuwa sai da rakiyar soja, kuma sai yau da sahe suka rako mu. Ka tambaye su, suna rubuta sunan kowa."

Sufeto ya buga waya, ya yi magana kaɗan, ya ajiye. "Haka ne." Ya dubi Zinatu. "Hajiya, kin san da zinare a ciki?"

"Wallahi ban sani ba. Da na sani zan ɗora ta a keke in ratsa kasuwa da ita?"

"Wa ya ce ki kawo ta gyara?"

"Da ta mutu na kira Alhaji. Ya yi shiru, har na ɗauka layi ya yanke. Sai ya ce in kai wa Maharazu da safe."

"Bai ce ki jira ya dawo ba?"

"A'a."

Sufeto ya juya a hankali. "Alhaji, amanar mutum goma sha huɗu na ciki, ka ce a kai shago?"

"Ina wurin makoki, hankalina ba ya jikina. Sai a hanya na tuna."

"Baƙo ya shiga gidan ranar Talata, Hajiya?"

"Babu. Falon a kulle yake, makulli na wurina tun da ya fita."

"Ke nan daga ke sai shi."

Zinatu ta fara kuka. Maharazu ya ji ba daɗi, don ya ga inda zargi ya nufa, kuma ya san matar nan ko batirin rimot sai ta aiko a sa mata. Idonsa ya sauka a kan carbin Alhaji. Da babban yatsa da na tsakiya yake ja. Manunin a miƙe yake, an naɗe shi da filasta.

"Ranka ya daɗe, wanda ya zura hannu wancan lungun dole ya bi ta kan kwandansa. In ba a daɗe da kashe talabijin ba, tana cizo. A duba hannun kowa, har nawa."

Ya fara shimfiɗa nasa. Zinatu ta miƙo nata, lalle ne kawai. Tsoho ya buɗe tafuka masu kanta. Alhaji ya tsaya.

"Cire filastar," in ji Sufeto.

A kan yatsan akwai baƙaƙen ɗigo biyu, kusa da juna, sun yi ɓawo.

"Cizon kwandansa ne wannan, Alhaji," in ji Maharazu. "Ina da irinshi uku. Ina ka same shi?"

"A shagonka mana, ɗazu, da na sa hannu. Tsoho na wurin."

Maharazu ya ɗauko mitar auna wuta, ya ɗora wayoyinta biyu a ƙafafun kwandansar, ya juya fuskarta ga Sufeto. Sifili. Sannan ya dangwala yatsansa a wurin ya bar shi.

"Tun jiya na sauke wutarta da hannuna, kuma ba a sake jona ta ba. Ɗazu ko jariri ya taɓa ba abin da zai ji. Ciwon ɗazu kuma ba ya ɓawo."

Sufeto ya kama yatsan Alhaji ya kai kusa da ƙafafun kwandansar. Tazarar ɗigon biyu ta zauna daidai.

"Hajiya, yaushe kika fara ganin filastar nan?"

Zinatu ta dubi mijinta, ta dubi ƙasa.

"Ki ji tsoron Allah, ɗiyata," in ji Tsoho.

"Talata da safe," ta ce da ƙyar. "Ya tada janareta ya kalli labarai, ya ce in je in dama kunu, ya tura ƙofa. Na ji tas, na ji ya yi salati. Ya ce ƙofa ce ta datse shi. Ni na ɗaure mashi."

Carbin ya faɗi a siminti. Sufeto ya aika kofur da makullin motar Alhaji. Ba a yi rabin sa'a ba ya dawo da baƙar leda da ya zaro daga cikin tayar ajiya ta motar, gefenta ɗaya a yage.

Sufeto ya zauna ya jera maganar yana rubutawa. Alhaji ya kashe talabijin, ya buɗe ta nan take, kwandansa ta harbe shi, ya fizge hannu da ledar har ta yage, ƙwaya ta faɗi bai gani ba. Ya mayar da murfi ya tafi Gummi. Da matarsa ta kira ta ce talabijin ta mutu, ya samu wanda zai ɗora wa.

"Da can mi ka shirya gaya muna?" in ji Tsoho.

"Cewa an shiga gidan." Alhaji bai ɗago ba. "Sau uku 'yan bindiga na kirana a waya suna gaya min launin ƙofata da sunayen 'ya'yana. Na so in kwashe su mu koma Sakkwato. Na gaji, Tsoho."

"Mu da ke kwana cikin daji ba mu gaji ba?"

Kofur ya buɗe ƙofar bayan kanta. Maharazu ya fito, Alhaji ya shiga, kafaɗunsu suka gogi juna don wurin ba faɗi.

Tsoho ne ya fara fita ya yi wa mutanensa bayani, ya ɗaga ledar sama. Suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya iya kallon Maharazu. Kulu ta miƙa masa takalmin da ta zo da shi daga gida.

"Mu tafi gida, Malam."

"Bari in leƙa shago tukuna."

Ƙofar shagon a ɓalle take. Bayan tafiya da shi mutane sun shiga neman zinare. Talabijin tara na mutane suna ƙasa, an farfasa bayansu da diga, gilashin wasu ya tsage daga sama har ƙasa. Akwai ta gidan kallon ƙwallo, akwai ta wata malamar asibiti da ya gama gyarawa jiya, za a zo ɗauka yau.

Ya tsaya a tsakiyar ɗakin yana duban ɓarnar. Tsoho, da ya biyo shi, ya cire hula ya durƙusa yana tsince ƙusoshi yana zubawa a ciki.

"Ka gafarce mu, Maharazu. Mu muka yi, mu za mu tsaya."

"Allah ya yafe mana, Baba. Ka raba su, dogaye daban, gajeru daban."

Ya ɗaga kujerarsa ya zauna, ya fiddo waya, ya nemo lambar malamar asibiti. Ta ɗauka da fara'a, tana tambaya ko ta turo a ɗauko.

"Malama Aishatu," ya ce, "kada ki turo kowa. Ki zo da kanki, akwai abin da zan nuna maki."