Sawun Da Ya Shiga Gidan Niƙa Bai Fito Ba

Dasom ta ɗaga gudumar katako ke nan za ta sauke a kan ƙanƙarar da ta daskare a jikin tayar katakon da ruwa ke juyawa a gidan niƙa, sai ta ji murya daga gangare, mai ita yana haki kamar zai shiɗe.

"'Yan mata, don Allah dakata."

Ta waiga. Wani dogon saurayi ne, dusar ƙanƙara har gwiwa, kyamara na reto a wuyansa, hancinsa ya yi jawur. Kallo ɗaya ta san ɗan birnin Seoul ne, don babu ɗan duwatsun Gangwon da zai hawo nan da irin wannan takalmin gayu.

"Tun asuba nake hawa saboda ƙanƙarar nan," ya ce. "Hoto ɗaya kawai."

"Mu kuma tun kakan kakana muke fasa ta. In ta yi nauyi tayar ta tsage, kai za ka sassaƙa mana wata?"

"Sai in koya."

Ta so ta haɗe rai, dariya ta ƙwace mata.

Sunansa Pyo Giho, yana ɗaukar hotunan kalandar da ƙungiyar manoma ke rabawa duk shekara. Hoto ɗayan nan sai da ya kai su azahar. Da zai sauka ta dubi takalminsa ta girgiza kai, ta tsuguna ta naɗe masa shi da igiyar karan shinkafa kamar yadda nata yake, don kada santsi ya kwashe shi. Shi kuwa ya tsaya ƙiƙam yana kallon tsakiyar kanta, ya manta da sanyi.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta.

"Mai guduma, na sauka lafiya. Na duba hotunan, gidan niƙan bai fito da kyau ba, wata ce ta cika ko'ina. Dole in dawo."

Ta karanta ta sake karantawa kafin ta mayar.

"Ka dawo da takalmin mutane. Kuma ni ban ce ina jira ba."

Ya dawo kuwa, ya kuma dawowa. Kafin sanyi ya wuce ta daina ce masa Malam mai hoto, ta koma Yaya.

Wata safiya bayan an kwana ana zuba dusar ƙanƙara, suka hawo tare, iska na yankan kunne. Suka shige gidan niƙan, ta zuba masa ruwan sha'ir mai zafi a murfin fulas. Ya riƙe da hannu biyu, ya kasa sha.

"Dasom, ni fa na gama hoton nan tuntuni. Ke nake zuwa gani. Ina sonki."

"Ai na sani, Yaya. Jira nake in ga yaushe bakinka zai narke."

"To ke fa?"

"Sha ruwanka kar ya huce," ta ce, tana ɓoye fuska a mayafin wuyanta. Can ƙasa-ƙasa ta ƙara, "Ni ma."

Da za su fita ya leƙa ƙofa, ya ga farfajiyar fes, babu komai sai layin sawunsu. Ciwon masu hoto ya motsa. Ya roƙe ta kada su ɓata wurin, su fita ta tagar baya. Ita ta sulale tsaf, shi sai da ya tuɓe rigar sanyi ya kurje kafaɗa, sannan ya zagayo ya ɗauki hotonsa yana murna.

Dasom ta yi ta niyyar faɗa wa mahaifinta, Nam Chunbae. Ta ce bari a gama shuka, ta ce bari a gama girbi. Tsoro take ji, don shi ya riga ya sa ido a kan Sangdu, ɗan mai unguwa, mai rumfunan shanya kifi, wanda in ya aure ta ba za ta bar ƙauyen ba.

Kalanda ta riga ta magana.

Ranar da aka rataye sabuwar a zauren tsofaffi, wata tsohuwa ta gyara tabarau ta matsa kusa da hoton sawun nan.

"Ku zo ku ga ikon Allah. Mutum biyu sun shiga gidan niƙan Chunbae, babu wanda ya fito."

Ai kuwa aka yi caa a kai. A ƙasar nan tun zamanin kakanni, in aka ce saurayi da budurwa sun shiga gidan niƙa, ba a ƙara tambaya, sai dai a rufe baki a yi dariya. Ga shatin igiya raɗau a kowane sawu, kuma duk ƙauyen gidan Nam kaɗai ke naɗa igiya har yau.

"Ƙaramin dai na Dasom ne."

"Babban fa? Chunbae ƙafarsa ba ta kai rabin wannan ba."

Chunbae yana zaune a wurin. Ya tashi bai ƙarasa shayinsa ba.

A gida bai ɗaga murya ba, abin da ya fi yi wa Dasom ciwo ke nan. Ya ce kawai, "Kin rataye ni a bangon kowane gida. Ko wane ne, kada in ga ƙafarsa a dutsen nan."

Ta shige ɗaki ta sha kukanta, sannan ta rubuta.

"Yaya, hotonka ya tona mu. Baba ya ce kar ka sake zuwa. Na yi fushi da kai, kuma ina kewarka, ban san wanne ya fi yawa ba."

Amsa ta zo nan take.

"Laifina ne, mai guduma. Kyan ƙanƙara na gani, ban ga abin da mutane za su gani ba. Gobe ina zuwa. In zai dake ni ya dake ni a gabanki."

Washegari da hantsi sai ga shi, ya durƙusa gaban Chunbae a tsakar gida. Kafin ya buɗe baki katanga ta cika da kawunan tsofaffi, Sangdu na tsaye a bakin ƙofa ya harɗe hannu.

"Baba, ruwan sha'ir kawai muka sha, muka fita," in ji Giho.

"Wane ne babanka? Ta ina kuka fita, ta sama?"

"Ta tagar baya."

Sangdu ya yi tsaki. "Tagar da ko ɗan akuya sai ya yi dabara? Wannan zabgegen?"

"Tashi," in ji Chunbae. "Muje ka nuna min."

Haka aka ɗunguma, tsofaffin da ke kukan ciwon gwiwa kullum su ne a gaba. Giho ya shiga, ya tuɓe riga, ya zura kai da kafaɗu ta taga. Sai dai shekara guda Dasom na ɗura masa taliya da wainar dankali. Ya kai ƙugu ya tsaya cak. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi.

Tsofaffi suka zube a dusa don dariya. Dasom ta ga yadda kunnensa ya yi ja, ga sanyi na kaɗa shi, sai ta ji tsoron duk ya fice mata. Ta je ta tsaya kusa da kansa.

"Baba, bara ya fita ta tagar nan, ni na ƙara masa ƙiba. Ba mu yi abin kunya ba. Ya ce yana sona, na ce ina sonsa, shi ke nan abin da ya faru a ciki. Laifina ɗaya, ban faɗa maka ba."

Chunbae ya daɗe yana kallon 'yarsa. Sannan ya jawo wani kututture, ya share dusar kai, ya zauna daidai fuskar Giho.

"Iyayenka suna raye?"

"Suna raye, ranka ya daɗe."

"Kana shan giya?"

"Kaɗan."

"Ƙarya ko gaskiya?"

"Wani lokacin fiye da kaɗan."

"In ka aure ta, Seoul za ka kai ta?"

"Aikina a duwatsu yake. Ni zan dawo nan, in an ba ni wuri."

"Baba, zai daskare fa," Dasom ta ce.

"Bari in gama. Ban taɓa samun mai neman aure da ba zai iya guduwa ba."

Sai da ya tambaye shi har sunan kakansa, sannan ya miƙe ya kama hannayensa biyu, ya ce wa Sangdu ya shiga ciki ya turo. Suka faɗo tare cikin dusa, tsoho a ƙasa, saurayi a sama, aka ji Chunbae yana dariyar da rabon a ji ta tun rasuwar matarsa.

Da bazara aka ɗaura aure. Iyayen Giho suka watsa wa Dasom busasshiyar magarya da 'ya'yan itacen da suke kira gujiyar dutse a cikin zanen da ta shimfiɗa, don a al'adarsu yawan abin da amarya ta cafe shi ne yawan 'ya'yan da za ta haifa, ta cafe da yawa har uwar ango ta ce a fara neman ƙarin ɗaki.

Da la'asar samarin ƙauye suka kama ango kamar yadda aka saba, suka ɗaure ƙafafunsa sama, Sangdu ya zaɓo busasshen kifi mafi tauri a rumfarsa.

"Ɓarawon 'yar ƙauyenmu, yau za ka biya."

Ya zabga masa a tafin ƙafa, Giho ya yi ƙara, Dasom ta rufe ido tana dariya tana roƙo. Ya ɗaga zai ƙara, sai aka riƙe kifin ta baya.

"Ya isa haka," in ji Chunbae. "Ɗana ne."

Ya tsuguna da kansa ya kwance igiyar, ya kamo hannun Dasom ya sa a cikin na Giho, idonsa ya cika taf.

"Na ba ka ita da zuciya ɗaya. Ku tsufa tare, ku ga jikokin jikokinku."