Makarantar da Ke Jiran 'Yan Tsintar Kaɗanya

Mma Asiatu tana tsakar gida tana tuƙa tuwon zafi, 'yarta Karimatu kuma tana yankan kuɓewa tana murmushi ita kaɗai, irin murmushin da ko mayafi ba ya ɓoye shi. A ranar ne dangin Wahabu suka taso tun daga Bawku zuwa Yendi da ƙwaryar goro, neman aurenta. Can sai ga mahaifinta, Alhaji Mikaila, ya shigo da ƙwaryar a hannu, ko ɗaurin bai kwance ba.

"Ajiye min wannan," ya ce wa matarsa. "Ban karɓa ba, ban mayar ba."

Wuƙa ta suɓuce daga hannun Karimatu. "Baba, me ya yi?"

"Bai yi komai ba, 'yata, abin da ya dame ni ke nan. Na ce ya bar ƙauyen da yake ya zo mu riƙa lodin doya tare, ya ce shi yana da makaranta. Na bincika, an ce benci ya fi yara yawa. Malami ba ɗalibai, ai makiyayi ne ba shanu. Zan je da kaina, ranar da ba wanda ya sani. In na tarar da yara, goro ya karɓu. In ban tarar ba, ya koma Bawku."

Karimatu ta sha kuka a ɗaki. Alhaji ba mugu ba ne, kowa a unguwar zango ya shaida, sai dai in ya kafe, gara ka tura jaki kan gada. Kuma abin da ya fi yi mata ciwo, gaskiya aka gaya masa.

Makarantar Wahabu tana wani ɗan ƙauye a bayan Salaga, inda Azara, gwaggon Karimatu, ke aure. Can suka haɗu, lokacin da Karimatu ta je sayen ƙwallon kaɗanya, domin ita sana'arta man kaɗe, a hannun uwarta ta koya. Shekarar 1988 ce, damina ta faɗi, kaɗanya tana zuba. Bayan kwana uku ta nemi izini ta tafi wurin gwaggo, Mma Asiatu kuwa ta riƙa yayyafa wa goro ruwa a ɗaurensa, kada ya bushe kafin zuciyar maigida ta yi taushi.

Ta tarar da Wahabu yana dukan tsohon ƙarfen tayar mota da ke rataye a bishiya, shi ne ƙararrawarsa. Yara huɗu suka amsa, ɗaya ma akuya ya biyo.

"Kin gani?" ya ce, ya kasa kallonta. "Kullum ƙarfe takwas ina bugawa, kamar yadda doka ta ce. Na bi gida gida na yi faɗa, iyaye sun ce to, Masta, gobe. Gobe ba ya zuwa."

"Masta, ƙarfe takwas ina yaran suke?"

"Suna daji, tsintar kaɗanya."

"To kai wa kake buga wa ƙarfe? Da tsintar nan ake cin tuwo a gidajen. Uwa ba za ta bar abinci a ƙasa don ta ji daɗin ƙararka ba. Canja taim ɗin."

Wahabu ya yi karatu har ya ƙoshi, amma wannan lissafin bai taɓa faɗo masa ba. Ya je ya roƙi mai duba makarantu a Salaga, aka yarje masa ya sauya lokacin shiga aji har kaɗanya ta ƙare. Karimatu ta tara mata a gidan gwaggo Azara, ta ce musu su daina sayar da ƙwallo ɗanye ga 'yan sari a wulaƙance. Ta nuna musu yadda uwarta ke yi: a dafa shi ranar da aka tsinto, a shanya a kan tabarma ba a ƙasa ba, kada a bar shi ya ƙone wajen suya, a buga shi da ruwa mai tsabta har man ya taso fari tas. Maza suka kafa rumfa a gefen makaranta, aka yi shawara ɗaya: daga daji kowa ya wuto nan, iyaye mata su karɓi kaya su hau aiki, yara su shiga aji.

Mako biyar bayan haka, ranar kasuwar Salaga, lori ya sauke Alhaji Mikaila a bakin hanya ƙarfe takwas daidai, da ƙwaryar goro a hammata. Ya leƙa aji, wayam, sai kaza a kan teburin malami. Wahabu ya taso da gudu ya durƙusa.

"Alhaji, sannu da hanya. Don Allah ka ɗan jira..."

"Na ga abin da na zo gani. Ga goronku."

Karimatu ta iso daga gidan gwaggo. Ta san sharaɗin ubanta, ta kuma san ba a yi masa musu. Sai ta shimfiɗa masa tabarma a inuwa ta ce, "Baba, lori ba ya dawowa sai la'asar. Ka zauna ka sha koko."

Ya zauna, don ba yadda zai yi, fuska a murtuke. Da hantsi ya ɗaga sosai, sai aka jiyo waƙa daga daji. Ga su nan jere a hanya, yara da iyayensu mata, kowa da kwano a ka. Suka sauke a rumfa, yara suka wanke hannu a randa, Wahabu ya daki ƙarfe sau ɗaya. Benci ya cika, wasu suka zauna a ƙasa, wasu a bakin taga. Alhaji ya fara ƙirga kawuna da carbinsa, ya ɓace a hanya, ya sake farawa.

Wata tsohuwa mai suna Barakatu ta ajiye masa ƙwaryar man kaɗe a gabansa. "Alhaji, kai ne baban Karimatu? Allah ya yi maka albarka. Da, yara na zuwa sukuru wurin Masta, mu kwana da yunwa. Yanzu man namu har Tamale suna tambaya, jikoki na kuma suna rubuta sunansu."

Alhaji ya lakaci man ya shinshina. Hannun matarsa ya gani a ciki, ba tantama. Sai ya jawo ƙwaryar goron, ya kwance ɗaurin da ya yi mako shida a ɗaure, ya zaɓi fari guda ya ɓare. Rabi ya jefa a baki, rabi ya miƙa wa Wahabu.

"Karɓi, Masta. Ni ma kuskurenka na yi, ƙarfe takwas na zo neman mutanen da ke daji."

Mata suka rangaɗa guɗa. Karimatu ta rufe fuska ta ruga bayan rumfa, tana dariya tana hawaye, gwaggo Azara na bin ta da tsiya.

Bayan kaka aka ɗaura aure a Yendi, amarya ta tare a ƙauye kusa da rumfarta. Ku masu tasowa, ku riƙe wannan: haƙuri ba zama ba ne, aiki ne ake yi ana jiran lokaci. Kuma wanda ke son ya amfani mutane, ya fara tambayar inda suke da safe kafin ya buga musu ƙararrawa.