Amaryar da Aka Kai Ba Guɗa

A motar Tudun Wada Zulaihat ta fara ganin Mujitaba. Direba ya ƙure kiɗa, shi kuma ya toshe kunnuwansa da hannu biyu, fasinjoji na ta dariya. Ita ce ta roƙi direba ya rage. Mujitaba bai ɗago ba, takalminta ya kalla ya yi godiya.

Masunci ne a tafkin Bagauda, wai ruwa ba ya masa hayaniya. Da ya fara zuwa zance gidansu a Bebeji, sai ya zauna can bakin tabarma, ya yi ta ba ta labarin tarwaɗa da karfasa. Wata da tuni ta yi hamma. Zulaihat kuwa daɗi take ji, don shi ne saurayi na farko da kallonsa bai sa ta son gudu ba.

Tun tana sakandare ƙawayenta ke hirar maza, ita dariyar yaƙe kawai take yi, ba ta jin komai. Ta kori samari har sai da aka kai ta ruƙiyya. Ba aljani, ba sauyi.

Gwaggonta Laraba, wadda duk Bebeji ba mai rangaɗa guɗa kamarta, ta ce ba za a ba Mujitaba ita ba. Wai likita ya ce lalurar galahanga gare shi, ko ido ba ya haɗawa da mutum, ga Faruk mai shagon taki yana jira. Zulaihat ta rasa inda za ta sa kanta. Amma abin da ya fi cin ta shi ne tsoron kada ta cuci Mujitaba, sai ta tura masa saƙo:

"Mujina, wallahi ina son ka. Amma abin da ake cewa mace na ji game da namiji, ni ban taɓa ji ba, ban kuma san ko zan ji ba. Kada in cuce ka."

Kwana da kwanaki ba amsa. Ta yi kuka har ta haƙura cewa ya tafi. Sai ga saƙonsa:

"Zulaina, kalmomi nake nema, ba guduwa na yi ba. Ni ko musafaha wahala take ba ni. Kullum ina tsoron ranar da za ki gane ki bar ni. Ban san yadda za mu yi ba. Amma in da ke ne, na yarda."

Da mahaifinta ya ga yadda ta rame, ya ce a ɗaura.

Ranar kai amarya, Mujitaba na tsaye a soro. Gwaggo Laraba ta kama hanci ta cika ƙirji za ta rangaɗa guɗa, sai ta hango hannuwansa sun fara tafiya kunne, Zulaihat kuma na leƙensa ta ƙarƙashin mayafi, ba abin da za ta iya yi masa.

Gwaggo ta saki hancinta.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, 'ya'yan nan," ta faɗa a hankali.

Mujitaba ya sauke hannuwansa ya ce amin.